Ragon da Baba Barka Ya Mayar

Da girbin geron bana mahaifina ya cika shekara ashirin a ƙasa. Ban riƙe ranar ba, mu ba mu saba riƙe rana ba, amma na san gero ya nuna, don da za mu kai shi makwancinsa sai da muka ratsa ta cikin gona, zangarniya tana dukan makara. Sunansa Barka. Ba iyayensa suka raɗa mashi ba, wanda ya saye shi ne ya sa mashi, kuma da shi ya mutu. Ni ɗinki nake yi a kasuwar Kankiya, bokon nan ma da girmana na koye shi a ajin manya, saboda haka wanda ya ga zancena ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da almakashi.

Abin da ya tayar mani da wannan magana shi ne samarin da ke zama a rumfata suna jiran riguna. Ba su da hira yanzu sai ta 'yanci. Wai Turawa sun kusa tafiya, wai za mu mulki kanmu, wannan ya ce jam'iyyarsu ce za ta kawo 'yancin, wancan ya ce ƙarya ne tasu ce. Kalmar ta zama kamar gaisuwa a bakinsu. Ni dai ina taka keke ina jin su, wani lokaci har dariya ta kama ni. Ina so in ce masu na san wani tsoho da ya sayi ɗan guntun 'yanci da duk abin da ya mallaka, amma wa zan faɗa wa? Waɗanda suka san labarin sun mutu. Waɗanda suka rage, jikokin bayi da jikokin masu bayi, duk bakinsu ɗaya wajen cewa a bar tone-tone. Shi ya sa na ce bari in faɗa wa takarda, ita ba ta kawar da kai.

Baba yana yaro ƙarami mahara suka ɗauko shi daga wani gari can kudu, garin da har ya mutu bai san sunansa ba. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗo gidan wani mai hali, Malam Gambo, a wani ƙauye kusa da Fakuwa. A nan ya tashi tare da ɗan maigidan, Lawal. Tare aka yi masu kaciya, tare suka yi kiwon awaki, akushi ɗaya suka ci har gemu ya fara fito masu, sannan aka nuna wa kowa wurin zamansa. Lawal ya tafi karatu, Baba ya tafi gandu. Daga hantsi zuwa azahar noman gidan ubangiji ne, sai da la'asar ya koma gayaunarsa, wato ɗan filin da ake barin bawa ya noma wa kansa. Tasa gayaunar daji ce ya sare da hannunsa a gefen fadama, ya tone kututture, ya yi ta kai mata taki da kai, har ta zama gonar da in ka wuce sai ka tsaya ka duba.

Da Turawa suka zo aka hana cinikin mutane, aka ce duk ɗan da aka haifa daga nan gaba ɗa ne, ba bawa ba. A cikin waɗannan 'ya'yan nake. Shi kuma Malam Gambo da ciwon ajali ya kama shi ya tara shaidu ya 'yanta Baba saboda Allah. To a baki kam ba sauran bawa a gidanmu. Amma akwai wata al'ada da ba doka ta taɓa ba, ita ce ragon suna.

In aka yi haihuwa a gidan bawa, ko wanda aka 'yanta, ko 'ya'yansu, ana gobe suna sai a aiko daga babban gida da rago da goro, da kuma sunan da maigida ya zaɓa wa jaririn. A ɗaure ragon a ƙofar gida, mata su yi guɗa, kowa ya ce Allah ya saka wa maigida da alheri. Wanda ya gani daga nesa sai ya ce kai, wannan kirki da yawa yake. Amma duk ƙauyen an san abin da ragon yake nufi. Gidan da ragonsu ya zubar da jini a kan sunanka, kai nasu ne. In ka girma, gonarsu za ka fara nomewa kafin taka. In sun yi baƙi kai ne ɗaukar kaya. In za ka yi aure sai an je an gaya masu, in ka mutu ba ɗa namiji su ne da abin da ka bari. Ni da ƙannena mata biyu duk da ragon gidan Malam Gambo aka yi mana suna. Sa'idun da nake amsawa daga zaurensu ya fito, Baba a bakin liman ya fara jin sa, kamar kowa.

Lokacin da matata Hajo ta sami cikin fari, innarmu ta riga ta rasu, Baba ya zama mutum mai shiru. Sai ga shi wata rana ya dawo daga rugar abokinsa Buba, wani Bafulatani da ke sauka a gonarsa da rani, yana janye da ɗan tunkiya. Ya kafa mashi turke a bayan ɗakinsa. Harawar wake, dusa, kanwa, har ruwan tsari, ba abin da bai ba shi ba. Da hannunsa yake yi mashi wanka. Muka yi ta tsokanarsa, Hajo ta ce Baba ya yi sabuwar amarya mai ƙaho. Duk mun ɗauka layya yake tanadi, shi kuwa bai ce mana komai ba.

Hajo ta haifi namiji da damina ta yi nisa. Ana gobe suna da hantsi sai ga rago daga babban gida, don a lokacin Malam Lawal ne maigida. Aka ɗaure, mata suka fara guɗa. Baba ya fito daga ɗaki ya tsaya yana kallon ragon. Can ya sunkuya ya kwance igiyar, ya ɗauki ƙunshin goron, ya dube ni ya ce, "Taso, kai ne uban yaro." Muka ratsa ƙauyen da rana tsaka, tsoho a gaba da rago, ni a baya, mutane suna leƙowa ta saman danga. Guɗar nan ta mutu kamar an zuba wa wuta ruwa.

Muka tarar da Malam Lawal a zaure da dattawa. Baba ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya saba, bai rage komai ba.

"Barka, lafiya?" in ji Malam Lawal. "Ragon ne bai yi maka ba? In ƙarami ne a musanya."

"Ragon ba shi da aibu, Malam. Ina da nawa ne."

"To naka ka aje na layya mana."

"Na suna ne. Jikana ne, ni zan yanka mashi, ni zan faɗi sunanshi."

Ina so masu karatu su gane, Malam Lawal ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga wa Baba hannu ba, shekarar yunwa da rumbunsa muka rayu, kuma a ranar nan abin da na gani a fuskarsa ciwo ne, ba fushi ba. Ya daɗe yana lallashi kafin ya shiga kawo hujja, da ya shiga kuwa sai da ya zazzage duk abin da ya gada.

Ya fara da asali. Ya ce bauta ba zalunci ba ce, hukunci ne da ke hawa kan mutanen da suka ƙi addini, kuma da ba a kawo Baba nan ba da yanzu yana can yana yanka wa dutse kaza. Ya ce ke nan alheri aka yi mashi. A nan kaɗai Baba ya mayar da magana. Ya ce, "Malam, ban san sunan garinmu ba, amma na san ubana da buta. Ranar da mahara suka zo yana bakin rijiya yana alwala. Ba wanda ya tsaya ya tambaye shi ko yana salla." Malam Lawal ya ce yaro ne kai a lokacin, ba ka san abin da ka gani ba. Dattawa suka gyaɗa kai.

Sai ya koma kan halitta. Ya ce Allah bai yi mutane daidai ba, akwai mai riƙo akwai wanda ake riƙewa, kuma irin su Baba in aka sake su ba jiɓinci lalacewa za su yi, rago da goron nan inuwa ce ake yi masu. Daga nan ya zo kan wadda har yau take yi mani zafi. Ya nuna waje da hannu ya ce, in saniyarka ta haihu a garken Buba, maraƙin na Buba ne? Ya ce innarmu baiwar gidan ce, abin da ta haifa da abin da shi ma ya haifa duk tushensu ɗaya, 'yantawar da aka yi ta sauke aikin gandu ne kawai, ba ta yanke igiya ba. Baba bai iya gardama ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Na ji, Malam. Amma ina da nawa." Sai bayan shekaru, ina kan keke ina ɗinka wa wani hula, amsar ta zo mani, cewa ai ba a taɓa yanka wa maraƙi ragon suna ba. Ga amsa ta zo, masu zauren duk sun mutu.

Da Malam Lawal ya ga tsohon nan ba zai motsa ba, sai ya fito da hujjarsa ta ƙarshe. Ya ce gayaunar bakin fadama fa? Baba ya ce shi ya sare dajin. Malam Lawal ya ce, "Kai ka sare, ban musa ba. Amma hannun da ya sare, a lokacin na babana ne, abin da hannu ya yi kuwa na mai hannun ne. Ɗan gida shi ke noma ƙasar gida. Ka ja ragon nan ka koma, gona taka ce har jikokinka. In kuwa ka ce kai ba namu ba ne, to baƙo ba shi da gona a nan. Barka, don Allah kada ka sa ni."

Baba ya ajiye goron a gaban tabarma, ya ɗaure ragon a turken ƙofar zaure, ya yi sallama muka fito. A hanya na ce mashi, "Baba, gonar fa? Me za mu ci?" Ya ce mu fara yin suna tukuna.

Na sha juya hujjojin nan a raina cikin shekarun nan. Na tambayi malamai, wani dattijo a Kusada mai tsoron Allah ya ce mani asalin ɗan Adam ɗa ne, sayar da Musulmi haramun ne, kuma da yawa daga waɗanda aka kama ba a bi wata ƙa'ida ba wajen kama su. To in haka ne, me ya sa hujjar ta zauna daram a bakin mutanen kirki? Abin da ɗan hankalina na maɗinki ya ba ni shi ne, ba hujja ce ta kawo mallaka ba, mallakar ce ta je ta nemo hujja. Mutum ya buɗe ido ya ga gandu cike da masu noma, rumbu cike da hatsi, ba ya so ya rasa, kuma ba ya so ya kwana yana ganin kansa azzalumi. Sai ya nemi zancen da zai bar mashi duka biyun. Ku duba yadda Malam Lawal ya bi: ya fara da addini, ya bi ta halitta, ya bi ta saniya, ya ƙare a gona. Da ya fara da gonar da mun huta da dogon zama.

Kada kuma samarin rumfata su ce Bature ne ya fi. Shi ma da ya zo bai buɗe ƙofa ya ce kowa ya tafi ba. Cewa ya yi bawan da ke son fita ya je gaban alƙali ya fanshi kansa, don ba a raba mutum da dukiyarsa haka kawai. Kun ji fa, dukiyarsa. Ashe a kan wannan gaɓar shi da Malam Gambo ba su saɓa ba, kowannensu ya yarda mutum yana iya zama abin hannun wani. Sai can daga baya aka ce an soke abin gaba ɗaya, lokacin Baba ƙafarsa ɗaya tana kabari.

Ranar suna na shimfiɗa tabarmi tun da sassafe kamar yadda ake yi. Liman ya aiko cewa ƙafa ta matsa mashi. Maƙwabta kowa ya tuna yana da aiki a gona. Wanda ya fi ci wa Baba rai shi ne abokan gandunsa, waɗanda suka yi shekaru suna noma kafaɗa da kafaɗa, ko ɗaya bai leƙo ba. Ban ga laifinsu ba, kowannensu yana da gayaunar da yake tsoron rasawa, amma na ga yadda Baba yake ta duban hanya. Buba ne ya zo da ƙwaryar nono, sai wanzami, shi kuwa wanzami ko gidan wa aka haihu zai je. Mu huɗu a kan tabarmin da za su ɗauki rabin ƙauye.

Da rana ta ɗaga Baba ya ce ba sauran jira. Ya shiga ya karɓi jaririn daga hannun Hajo, ya yi mashi raɗa a kunne, ya fito ya kwantar da ragonsa ya yanka da hannunsa. Ya ɗago ya ce, "Sunanshi Umaru." Buba ya ja fatiha muka shafa. Daga baya na tambaye shi inda ya samo sunan, ya ce yana jin kamar haka maza ke kira in sun yi sallama a ƙofar gidansu na can. Bai tabbata ba. Ya ce ko ba shi ba ne, ya yi kusa. Washegari aka soya nama aka rarraba gida-gida, wasu suka karɓa a ɓoye ta bayan danga, wasu suka maido. Na babban gida ma Baba ya aika, cinya guda, irin rabon da maƙwabci ke kai wa maƙwabci. Ba a daɗe ba aka dawo da ita a rufe yadda ta tafi.

Malam Lawal ya bari muka girbe abin da muka shuka. Bayan kaka muka ɗaure 'yan komatsanmu a jaki muka nufi ƙasar Kusada, wajen Dudunni, inda mai unguwa ya nuna mana wani daji ya ce in za mu iya mu sare. Tsoho mai furfura ya sake ɗaukar gatari. Mutanen wurin ba su yi mana komai ba sai alheri, amma ba su san shi ba. Ba wanda zai ce mashi ka tuna shekarar kaza, ba wanda ya san innarmu, ba sa'ansa da za su yi wa juna tsiya. Da la'asar sai ya zauna a gindin wata tsamiya shi kaɗai, Umaru yana wasa da ƙasa a gabansa. Buba ya riƙa biyowa da rani, daga baya shi ma ya yi gabas da shanunsa. Ban taɓa jin Baba ya ce ya yi nadama ba, amma sau da yawa na ji shi yana tambayar fatake ko fadamar wajen Fakuwa ta yi ruwa bana. Damina biyar ya yi a can Allah ya karɓi abinsa.

Ana zaman makoki sai ga wani tsoho a kan jaki, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Malam Lawal ne. Bai kawo hatsi ba, bai kawo goro ba, bai ce a sa mashi buzu a gaba ba. Ya zauna a bakin tabarma cikin mutane ya yi addu'a, hawaye yana bin gemunsa. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Akushi ɗaya muka ci da shi." Tun da nake, ranar ce ta farko da wani daga gidansu ya shigo mana hannu rabbana, kuma ina kyautata zaton da gangan ya yi. Gonar dai bai mayar ba, har yau jikokinsa ke nomanta.

Da Baba zai leƙo yau ya ji hayaniyar 'yancin nan, ina jin zai dai tambaya ne a hannun wa gonaki za su kasance in Turawan sun tafi. Zai ga an daina aika rago a fili, amma in yaro ya je neman aure har yanzu ana aika tsohuwa ta binciko ragon wane gida aka yanka wa kakansa. Zai yi murmushin nan nasa na gefen baki ya koma gindin tsamiya.

In na auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa. Kabarinsa ya baje, ana shuka a kai. Sunansa ba wanda ya gada, don shi da kansa ya hana a sa wa kowane yaro Barka. Dajin da ya sare na biyu mun bar wa ƙanwata da mijinta. Sai dai a watan jiya matar Umaru ta haihu. Shi yanzu gyaran kekuna yake yi a nan Kankiya, abin da ya sani kawai shi ne kakansa ya yi rigimar gona ya tashi. Ana gobe suna ya shigo gida yana jan rago, gumi sharkaf, yana mita.

"Baba, wallahi tsadar nan ta isa. Ni da wani mai hali zai aiko mani da rago kyauta, da gudu zan karɓa, har in yi mashi godiya."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Hannuna har ya ɗaga. Yaron ya tsaya yana kallona, baki buɗe, bai san abin da ya faɗa ba. Sai na ga ashe da gaske bai sani ba. A wurinsa rago rago ne kawai, kyauta kyauta ce, ba abin da ke ɗaure a jikin igiyar. Ba wanda ya taɓa kiransa ya ɗauki kayan baƙi, ba zauren da ya taɓa durƙusawa kafin ya yi aure. Wannan rashin sanin nasa shi ne abin da tsohon nan ya ba da gonarsa da ƙauyensa da abokansa ya saya.

Na sauke hannuna na ce ya kai dabbar inuwa ya ba ta ruwa. Gidan ya cika da mata ana ta daka ana dariya, ni kuwa na shiga ɗaki na turo ƙofa na yi kukana, don a duk taron nan ba wanda zan gaya wa dalili.